Tambaya da Amsa: Wane ne Farfesa Alexander Kwapong?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga Nima, ina karatu a Jami'ar Ghana da ke Legon. Akwai masaukin ɗalibai mai suna Alexander Kwapong, an kuma ce mini mai sunan masanin adabin Girkanci da Latin ne. Wane ne shi, kuma mene ne amfanin wannan ilmi ga ɗan Afirka?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. An haifi Alexander Adum Kwapong a 1927, ya yi karatu a Achimota, sannan ya wuce Jami'ar Kambirij da ke Ingila, inda ya ƙware a harsunan Girkanci da Latin da tarihin mutanen da suka yi rubutu da su. A 1953 ya fara koyarwa a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ghana, kuma a 1966 ya zama ɗan Ghana na farko da aka naɗa cikakken shugabanta.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne yadda ya karkata wannan ilmi zuwa ga nahiyarmu. Ya yi nazari a kan Sairin, birnin da Girkawa daga tsibirin Tera suka kafa a gaɓar Libiya wajen shekara ta 631 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya duba wa ake ɗauka ɗan gari a cikinsa da yadda ake tafiyar da mulkinsa. Irin wannan tarihi yana cikin littafin Herodotus, masanin tarihi na tsohuwar Girka, da rubuce-rubucen da aka sassaƙa a jikin duwatsu, don haka wanda bai iya harshen ba sai dai ya dogara da bakin wani. Haka kuma wasu manyan marubutan Latin 'yan Afirka ne: an haifi Terens a Kartaj ta Tunisiya, Apuliyas da Agustin kuwa a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Ko manɗiƙi, wato ilmin kafa hujja, da malamanmu ke karantarwa a zaure, tushensa littattafan Aristo ne da aka mayar Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa.

Bayan ya bar Legon ya zama mataimakin shugaban Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a Tokiyo, ya kuma shugabanci majalisar ba shugaban ƙasar Ghana shawara daga 2001 zuwa 2005. Ya rasu a 2014.