Tambaya da Amsa: Rigimar dokokin bindiga a kotunan Amurka

Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka yi harbin kan mai uwa da wabi a Amurka sai mu ji wata jiha ta kafa dokar taƙaita bindiga, kafin a jima kuma a ce kotu ta dakatar da ita. Daga ina kotu ta samo wannan iko? — Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, Malam. Tushen maganar jimla ɗaya ce a kundin tsarin mulkin Amurka, wato Gyara na Biyu, wanda aka amince da shi a 1791. Abin da ta ƙunsa shi ne, tun da ƙasa mai 'yanci na buƙatar tsararrun mayaƙan sa-kai don tsaronta, ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallakar makami da ɗaukarsa ba. Shekara da shekaru ana jayayya kan ko haƙƙin na mayaƙan sa-kai ne ko na kowane mutum. A 1939, a shari'ar Miller, Kotun Ƙoli ta ɗaure maganar da aikin mayaƙan sa-kai, kuma ƙananan kotuna suka bi wannan fahimta kusan shekara saba'in.

A 2008 ne labari ya sha bamban. Birnin Washinton ya haramta ƙananan bindigogi, ya kuma ce doguwar bindiga da ke gida a ajiye ta babu harsashi, a kwance sassanta ko a kulle kunamarta. A shari'ar Heller, alƙalai biyar daga cikin tara suka ce haƙƙin na kowane mutum ne, musamman don kare kai a cikin gida. A 2010, a shari'ar McDonald da birnin Shikago, aka ce hukuncin ya hau kan jihohi da birane ma, ta hanyar Gyara na Goma Sha Huɗu na 1868.

Amma wadda ta buɗe ƙofar ƙararrakin da kake ji ita ce shari'ar Bruen ta Yunin 2022. Jihar Niyok ta daɗe tana cewa sai ka nuna dalili na musamman, wanda ya wuce na sauran jama'a, kafin a ba ka lasisin fita da bindiga. Alƙalai shida suka rusa wannan sharaɗi, uku suka saɓa. Babban abin da hukuncin ya yi shi ne canza ma'aunin gaba ɗaya. A da, alƙali kan auna amfanin doka ga tsaron jama'a da nauyin da ta ɗora wa mai bindiga. Mai Shari'a Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce a daina. Yanzu gwamnati ce za ta nuna cewa dokarta ta dace da al'adar dokokin makamai a tarihin ƙasar. Ko alƙaluma sun nuna doka na rage kisa, wannan kaɗai ba ya ceton ta.

Ni ɗalibar shari'a ce. Ina son sanin matakan da ake bi wajen ƙalubalantar irin waɗannan dokoki, da kuma inda ƙara kan lalace. — Wata ɗaliba

Malama, hanyoyi biyu ne. Ko dai wanda ake tuhuma da laifin bindiga ya roƙi kotu ta yi watsi da tuhumar saboda dokar ta saɓa wa tsarin mulki, ko kuma mutum ya riga gwamnati zuwa kotu. Idan dokar jiha ce ko ta birni, yawanci ana shigar da ƙarar ne a ƙarƙashin sashe mai lamba 1983 na dokar kare haƙƙin ɗan ƙasa, a ɗaya daga cikin kotunan tarayya na matakin farko guda 94.

Tuntuɓe na farko shi ne hurumin kai ƙara. Ƙin doka bai isa ba, sai mai ƙara ya nuna ta cutar da shi shi kansa. Ƙarar Heller mutum shida suka fara ta, amma kotun ɗaukaka ƙara ta ce Heller, mutumin da ƙarar ke ɗauke da sunansa, shi kaɗai ke da hurumi, domin shi ne ya je neman rajistar bindiga aka hana shi. Shi ya sa lauyoyin ƙungiyoyin masu bindiga ke fara tura mutum ya nemi lasisi ya karɓo takardar ƙi, sannan su rubuta ƙara.

Na biyu, a zaɓi faɗin ƙarar. Mai cewa dokar duka ta rushe dole ya nuna babu yanayin da za a yi aiki da ita bisa ƙa'ida, kuma wannan tudu ne mai wuyar hawa. Mai cewa dokar ba ta dace da shi ba ne kawai, hanyarsa ta fi sauƙi, sai dai nasararsa tasa ce shi kaɗai.

Daga nan sai gwajin Bruen. Mai ƙara ya nuna abin da yake son yi ya shiga cikin lafazin Gyara na Biyu. Idan ya shiga, nauyi ya koma kan gwamnati ta kawo tsofaffin dokoki masu kama da tata ta fuska biyu: dalilin da ya sa aka yi su, da irin nauyin da suka ɗora. A nan ne shari'a ke komawa aikin tonon tarihi. Lauyoyi kan ɗauko dokokin ajiye albarushi da na haramta ɓoye wuƙa, wani lokaci har da na hana bayi da 'yan asalin ƙasar riƙe makami, abin da ke da nauyin faɗa a bakin lauyan gwamnati. Doka ɗaya ko biyu daga wani lungu ba sa zama al'ada, dokar da ta zo a makare kuma, kamar ta ƙarni na ashirin, ba ta da nauyi sosai. Kotun Ƙoli ba ta yanke ko 1791 ko 1868 ce shekarar aunawa ba, don haka kotuna biyu kan duba doka iri ɗaya su saɓa. A ganinmu wannan ne raunin ma'aunin: ya ɗora wa alƙalai aikin da ba su karanta ba, kamar yadda alƙalin tarayya Carlton Reeves na Misisipi ya koka a 2022.

Wanda ya faɗi sai ya ɗaukaka ƙara gaban alƙalai uku, yana kuma iya roƙon cikakkiyar kotun ta sake zama. Yana da kwana 90 ya nemi Kotun Ƙoli ta saurare shi, kuma sai alƙalai huɗu sun yarda. Tarko na ƙarshe shi ne gwamnati ta gyara dokar ana tsakiyar shari'a. Haka birnin Niyok ya yi da ƙa'idarsa ta safarar bindiga, a 2020 Kotun Ƙoli ta ce babu sauran abin yanke hukunci a kai.

To ke nan yanzu kowa na iya riƙe bindiga, har mai dukan matarsa? — Wata mai karatu

A'a, Hajiya. Wannan tambaya ce ta kai shari'ar Rahimi gaban Kotun Ƙoli. Dokar tarayya ta hana bindiga ga wanda kotu ta ba wa umarnin nisantar abokiyar zamansa saboda barazana. Kotun ɗaukaka ƙara da ke kula da Teksas ta rusa dokar, tana cewa ba ta ga irinta a tarihi ba. A Yunin 2024 alƙalai takwas suka dawo da ita, Thomas kaɗai ya saɓa. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya ce ba sai an samo doka sak irin ta yau ba, a duba manufar da ke ƙarƙashi. Ya kafa hujja da tsofaffin dokokin da ke sa wanda ake tsoron sharrinsa ya ajiye kuɗin jingina, da masu hukunta yawo da makami don firgita mutane. Ke nan wanda kotu ta tabbatar yana da haɗari ga wani, ana iya raba shi da bindiga na wani lokaci.

Bincike kan mai saye a shagon da ke da lasisi, wanda dokar Brady ta 1993 ta kawo, yana nan daram. Haka ma hana makami a kotuna da majalisu da rumfunan zaɓe. Inda ake ta kai ruwa rana shi ne matasa 'yan shekara 18 zuwa 20, da masu tsohon laifin da babu tashin hankali a cikinsa, da dogayen bindigogi irin samfurin AR-15.

Na ji an halatta na'urar da aka yi amfani da ita a harbin Las Begas. Gyara na Biyu ne ya jawo? — Wani mai karatu

Ba shi ba ne, Malam. Na'urar ana ɗaura ta a gindin bindiga don harbi ya yi sauri. Bayan harbin kan mai uwa da wabi na birnin Las Begas a 2017 hukumar kula da makamai ta sa ta cikin jerin bindigogi masu sarrafa kansu. A shari'ar Cargill ta 2024 alƙalai shida na Kotun Ƙoli suka ce ma'anar da dokar 1934 ta bayar ba ta haɗa da ita ba, domin sai kunama ta motsa a kowane harbi. Majalisa na iya gyara lafazin dokar idan ta ga dama. Gyara na Biyu kuwa, taɓa shi ta hanyar da aka saba na buƙatar kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya biyu da amincewar jihohi 38 daga cikin 50.