Soja a ƙasar waje: ƙanjamau kaɗai ce abin tsoro?

Tambaya: Likita, ni soja ne, sunana ya fito cikin waɗanda za a tura aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje. Kullum gargaɗin ƙanjamau ake yi mana. Ita kaɗai ce ake ɗauka ta hanyar saduwa? Me ya kamata in yi kafin mu tashi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Gargaɗin nan ya daɗe, don tun a Yulin 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na 1308 kan ƙanjamau da dakarun kiyaye zaman lafiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: namiji da ƙuruciyarsa, wata da watanni ba iyali, ga alawus a aljihu.

Amma ni wadda ta fi damuna ita ce ciwon hanta nau'in B, domin ta fi ƙanjamau saurin kamawa nesa ba kusa ba. Bayan saduwa, tana bin jini. Rezar aski da ta zagaya tanti, ko ɗaukar abokin da ya ji rauni ba safar hannu, duk ƙofa ce, kuma ƙwayar na iya yin kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Mai ita yakan yi shekaru garau, hanta na lalacewa. Alhamdulillahi tana da rigakafi: allura 3, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. In lokaci ya ƙure, akwai tsarin gaggawa, ka tambayi likitan bataliyarku. A fara gwada ka tukuna.

Kame kai ya fi komai. Kwaroron roba na kare ƙanjamau da ciwon hanta sosai, amma ƙwayar HPV (mai iya haddasa sankarar bakin mahaifa) da ta ƙurajen al'aura da ake kira herpes fata da fata suke bi, kariyarsa a nan ba cikakkiya ba ce.

In tsautsayi ya faɗa, kada kunya ta zaunar da kai. Akwai maganin PEP, mai hana kamuwa da ƙanjamau bayan saduwa ba kariya, da ake farawa cikin awa 72, a sha kwana 28, kuma gwamma a fara a ranar.

Sai batun dawowa, inda da yawa ke cutar da matansu ba da sani ba. Gwajin gaggawa na ɗan yatsa yana iya ɗaukar kwana 90 kafin ya nuna ƙanjamau. In ka san wani abu ya faru gab da dawowarka, sakamakon ranar sauka bai wanke ka ba. Ka yi amfani da kwaroron roba a gida har a maimaita gwajin.