Tambaya da Amsa: Zan iya canza shawar lantarki da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune da iyalina a Birmingham. Shawar lantarkin banɗakinmu mai ƙarfin kilowat 8.5 ta daina ɗumama ruwa, ga sanyi ya kankama. Na ga wata mai kilowat 10.5 da sauƙin kuɗi. Shin zan iya cire tsohuwar in ɗaura sabuwar da kaina?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Idan gidan haya kake, gyaran nan nauyi ne a kan mai gida, sai ka sanar da shi. Idan kuwa naka ne, abin da ya fi damuna shi ne wayar da ke binne cikin bango, wadda ba ka ambata ba.

Wutar gidajen Ingila bolt 230 ce, saboda haka a lissafi shawa mai kilowat 8.5 tana jan kusan amfiya 37, mai 10.5 kuma kusan 46. Gidaje da yawa da waya mai kaurin milimita sukwaya 6 aka ja wa shawa wuta, alhali babbar shawa galibi sai mai 10 take buƙata, tare da bireka daidai da ita, wato na'urar da ke katse wuta idan nauyi ya yi yawa. Idan ka ɗora babban nauyi a kan siririyar waya, za ta riƙa zafi duk lokacin da ake wanka, musamman inda ta bi ta cikin audugar tare sanyi a saman sili, har robarta ta narke ba wanda ya gani. Wasu sukan ƙara girman bireka kawai don ta daina katse wuta, wannan kuwa gayyatar gobara ce.

Dokar gini ta Ingila da Wales, a sashenta na Part P da ya fara aiki a 2005, ta tanadi cewa jan sabon layin wuta aiki ne da sai an sanar da hukuma, ko a ba mai gyaran wuta mai rajista da hukumomi irin su NICEIC ko NAPIT. Shi ne kuma zai auna wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta kauce zuwa cikin ƙasa, ya tabbatar akwai RCD mai miliyamfiya 30, wato na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum.

Shawarata ita ce ka sayi mai 8.5 irin tsohuwar, ko da haka ma ka kira ƙwararre. Idan ya zo, ka lura da aikinsa. Zai kashe bireka daga babban akwatin wuta, ba zai tsaya a igiyar makunnin da ke rataye a sili ba, sannan ya gwada wayoyin da na'urar awo kafin ya taɓa su, ya kuma rufe ruwa. Idan ya buɗe murfin makunnin ya tarar da robar ta yi baƙi ko tana warin ƙuna, alama ce ta sukurori sun yi sako-sako, dole a canza shi. Bayan ya ɗaura sabuwar, zai bar ruwan sanyi ya bi ta cikinta har iska ta fita kafin ya kunna zafi, domin ƙarfen ɗumama ruwan yana ƙonewa idan aka kunna shi a bushe.