Tambayi Likita: Jikin Mai Tseren Babur a Daji

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu ɗaya, wato tseren babur da ake yi a turɓaya da taɓo da kwazazzabai, nesa da kwalta. Wani abu ya ba ni dariya: kusan kowane mahayi ya faɗa mini girman injinsa da irin tayarsa, amma mutum ɗaya tak ya tuna ya faɗi shekarunsa. To, bismillah.

Daga Salisu: Likita, barka da aiki. Babur ɗina mai cc 250 ne. Da na yi zagaye uku ko huɗu sai hannuwana su ƙage, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ya yi tauri kamar icce, har birki ya gagare ni matsawa. In na huta minti ashirin sai ya sake ni. Abokaina sun ce rashin ƙarfi ne, in riƙa ɗaga ƙarfe. Gaskiya ne?

Malam Salisu, abokanka sun so ka da alheri, amma sun yi kuskure. Tsokokin sangalin hannu suna cikin wani tantani mai tauri wanda ba ya miƙewa sosai. Idan tsoka tana aiki jini yana kwarara cikinta, ta kumbura. Kai kuma ka damƙe kan babur ba sassauci, ga girgiza, ga totur, ga kuloci. Jini yana shiga, fitarsa tana wuya, matsi ya taru a cikin tantanin, sai yatsu su daina jin magana. Ƙara wa tsokar kauri da ɗaga ƙarfe ba zai faɗaɗa tantanin ba, wani lokaci ma ƙara cunkoso yake yi.

Maganin farko yana ƙafafunka. Matse tanki da gwiwoyi, cinya da ƙugu su ɗauki nauyin, hannu ya zama na juya kai kawai. Gyara hannun birki da na kuloci yadda idan ka miƙe tsaye wuyan hannunka ba zai lanƙwashe ba. Ka motsa jiki na minti 10 zuwa 15 kafin a tashi, kuma ka lura da numfashinka, domin sabon ɗan tsere yakan riƙe numfashi a kwana bai sani ba.

Abin ba ya barin manya ma. A 2021, a filin Jerez na Sifaniya, Fabio Quartararo ɗan Faransa yana kan gaba a tseren MotoGP, babbar gasar babur ta duniya a kan kwalta, hannunsa ya ƙage, ya ƙare a na 13. Aka yi masa tiyata, aka tsaga tantanin, kuma a shekarar ya ci kambun duniya. Tiyatar tana nan, amma sai an auna, kuma sai sauran dabaru sun gaza. Gargaɗi ɗaya: idan bayan faɗuwa ne hannu ko ƙauri ya kumbura ya yi tauri, ciwon yana ƙaruwa maimakon ya lafa, wannan wani abu ne daban. Awoyi kaɗan ke tsakanin mutum da mutuwar tsoka, sai asibiti nan take.

Daga Nura: Assalamu alaikum Likita. Jiya na faɗi wajen atisaye, kaina ya bugi ƙasa. Ban suma ba, hular kwanona ma ko tsagewa ba ta yi ba. Sai dai ba na tuna yadda na koma gida, kuma yau kaina yana ciwo, hasken waya yana damuna. Saura kwana shida gasa, na riga na yi rajista. Me zan sha?

Wa alaikumus salam, Nura. Ba za ka so amsata ba: wannan gasar ta wuce ka. Abin da ka kwatanta girgizar ƙwaƙwalwa ce. Yawancin waɗanda abin ya sama ba sa suma, don haka rashin suma ba hujja ba ce. Mantuwar da ka yi ta hanyar gida ita kaɗai ta isa shaida. Ko an ɗauki hoton kai sau da yawa ba a ganin komai, domin matsalar tana cikin aikin ƙwaƙwalwar ne, ba a siffarta ba.

Yau ɗin nan ka je likita ya duba ka, wani ya kai ka, kada ka tuƙa. Ka kuma gaya wa na kusa da kai su sa ido a kan waɗannan: ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, barcin da ake tashinka da ƙyar, magana tana harɗewa, gani biyu-biyu, rauni ko mutuwar jiki a hannu ko ƙafa, jijjiga, ciwon wuya mai tsanani, ko ruwa yana fita ta hanci ko kunne. Ɗaya daga ciki ya bayyana, sai ɗakin taimakon gaggawa ko da tsakar dare ne, domin jini yana iya taruwa cikin ƙoƙon kai a hankali mutum yana hira lafiya lau. Don ciwon kan, farasitamol ya isa. Ka guji asfirin da ibuprofen a kwanakin farko, saboda suna iya ƙara zubar jini.

Komawa kan babur hawa-hawa ake yi. Awa 24 zuwa 48 na farko hutu ne, ka rage kallon waya, amma ba sai ka kulle kanka a ɗaki mai duhu ba. Daga nan tafiya a ƙasa, sai keken motsa jiki na tsaye, sai gudu, kowane mataki aƙalla kwana ɗaya. Idan alamun suka taso sosai, ka dakata ka sake gwadawa washegari. Hawa babur sai alamun sun tafi gaba ɗaya kuma likita ya sallame ka. Ko komai ya tafi daidai, lissafin ya wuce kwana shida, kuma mutane da yawa sukan kai mako biyu zuwa huɗu. Dalilin tsananin shi ne, ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba tana jinkirin yanke shawara, sai ka fi saurin sake faɗuwa, bugu na biyu kuwa a kan na farko ya fi muni nesa ba kusa ba, musamman ga matasa.

Hular kuma ta gama aikinta. Abin da ke kare kai shi ne farin soson da ke ciki, wanda yake murƙushewa ya shanye bugun, kuma ba ya komawa yadda yake. Bayanta yana iya sheƙi, cikinta ya mutu. Ka sake wata mai tambarin gwaji irin su ECE 22.06, wadda ta kama kanka ba ta rawa.

Tun da muna nan, 'yan kallo su ji: idan mahayi ya faɗi bai tashi ba, kada a ɗaga shi, kada a fizge masa hula. A tsayar da masu zuwa a baya, mutum ɗaya ya riƙe kansa yadda yake, a kira ma'aikatan lafiya. Ba a cire hula sai in numfashi ya tsaya ko ya toshe.

Daga Malam Habu: Likita, shekarata 41, nauyina kilo 70. Ina shirin shiga tseren daji na awa uku nan da wata biyu, karo na farko, kuma lokacin zafi ne. Yaya zan yi da ruwa?

Malam Habu, Allah ya saka da alheri da ka faɗi shekarun. Kafin maganar ruwa, a fara da zuciya. Masu kallo suna zaton inji ne ke aiki mahayi yana zaune. Ina! A gasar duniya ta motokuros, wato tseren babur a filin ƙasa mai tuddai, minti 30 da zagaye biyu ake yi, kuma zuciyar mahayi takan yi kusan duk lokacin tana bugawa dab da iyakarta. Iyakar taka, a ƙiyasin da aka saba na cire shekaru daga 220, ta kai wajen 179 a minti. Don haka ka je a auna hawan jini da sukari. Idan ka taɓa jin ciwon ƙirji ko suma yayin motsa jiki, ko wani a danginka ya yi mutuwar fuju'a kafin shekara 50, a gwada zuciyarka kafin ka biya kuɗin rajista.

Ruwa kuwa, jikinka ne zai faɗa maka adadin. Hau sikeli kafin atisayen awa ɗaya, ka sake hawa bayansa, ba kaya a jiki. Kowane kilo da ya ragu kamar lita ɗaya ce ta gumi, sai ka haɗa da abin da ka sha a tsakani. Rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo 1.4 a wurinka, yana rage ƙarfi da natsuwa. Awa huɗu kafin tashi ka sha kamar rabin lita. A kan hanya ka goya jakar ruwa mai tiyo, kana kurɓa kaɗan-kaɗan. A tsere mai tsawo irin wannan ruwan ya kasance da ɗan gishiri da sukari, domin ɗirka zallan ruwa fiye da kima yana tsarma gishirin jini, kuma shi ma yana kisa. Bayan an gama, ka mayar da lita 1.25 zuwa 1.5 a kan kowane kilo da ka rasa, cikin awoyi. Kada ka gwada sabon abin sha ranar gasa.

Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka ka riƙa atisaye da cikakken kayan tsere, kana ƙara lokaci a hankali. Idan kuwa ka ga abokin tsere yana sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, a tuɓe masa kaya a jiƙa shi da ruwan sanyi tun a wurin, ana yi ana neman mota. Sanyayawa ce farko, ko da yana gumi.

Daga wani da ya ce a sakaya sunansa: Likita, mako huɗu ke nan da na karya ƙashin nan na tsakanin wuya da kafaɗa. Ba a yi tiyata ba, rataye hannun aka yi. Idan na sha tiramadol ba na jin komai. Zan iya shiga gasa da shi?

A'a, ɗan'uwa, har sau biyu. Wannan ƙashin a jikin babba yana ɗaukar mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, kuma wasan da ake faɗuwa a cikinsa yakan jira wajen wata uku, sai hoton ƙashi ya nuna ya kama. A mako huɗu ɗanyen haɗi ne. Ƙwayar ta rufe bakin ciwon ne kawai, ƙashin yana nan yadda yake. Idan kana shan taba ka ajiye, tana jinkirta haɗuwar.

Tiramadol kuma yana kawo jiri da gyangyaɗi, yana rage saurin ɗaukar mataki, kuma yana iya tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Ka auna wannan a kan babur yana sama. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa, kuma hukumar tseren babur ta duniya, FIM, tana bin dokokinta. Abin da ya fi damuna shi ne har yanzu kana sha bayan mako huɗu. Idan kullum ne, kada ka yanke shi rana ɗaya. Ka koma wurin likitanka a rage maka a hankali, kuma babu abin kunya a ciki.

Daga wata uwa: Likita, ɗana mai shekara 12 ya faɗi jiya, kan babur ya soke shi a ciki. Akwai ɗan zagayen tabo a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu. Ya ci abinci, amma yanzu yana kukan kafaɗar hagu, alhali ba a kanta ya faɗi ba.

Wannan na amsa mata tun a lokacin, cewa ta kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, kada a ba shi ci ko sha. Na kawo ta nan ne don sauran iyaye. Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Idan ta fashe, jinin da ya zuba yana taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai a ji ciwon a kafaɗa. Yara suna da ban tsoro a nan: hawan jininsu yakan zauna daidai suna wasa, sai can su zube gaba ɗaya. Wannan zagayen tabon na kan babur, duk ƙanƙantarsa, dalili ne na zuwa asibiti, domin hanta da hanji ma suna iya samun rauni da ba ya bayyana sai bayan awoyi.

Hajiya ta kuma tambaya ko ta hana shi hawa. Ra'ayina, yaro bai kamata ya hau abin da ƙafarsa ba ta kai ƙasa a kai ba, ko wanda ba zai iya ɗagawa ba in ya faɗi. Sai a filin da aka killace, da babba a tsaye, da hula da tabarau da takalmi mai tsawo da sulken ƙirji. Kuma a toshe bakin ƙarfen kan babur, kada a bar shi tsirara. Manyan ma sai da suka ga uwar bari: bayan rasuwar Paulo Gonçalves ɗan Fotugal a gasar tseren hamada ta Dakar ta 2020 a Saudiyya, daga 2021 aka wajabta wa mahaya rigar da ke cika da iska idan an faɗi.

Daga Aminu: Na dafa ƙasa da hannu kwana biyar da suka wuce. Hoto bai nuna karaya ba, amma gindin babban yatsana yana ciwo. Na kuma ƙuje a gwiwa, ƙasa ta shiga.

Aminu, akwai wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, daidai ramin da ke gindin babban yatsa, wanda karayarsa takan ɓuya a hoton farko. Jini ba ya isarsa sosai, in aka yi sakaci ba ya haɗewa. A ɗaure hannun kamar karaya ce, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, ko a yi hoton MRI in akwai hali. Ƙujewar kuma ka wanke da ruwa mai yawa da sabulu har ƙasar ta fita. Idan allurarka ta rigakafin tetanus ta wuce shekara biyar, ko ba ka tuna ranar da aka yi maka ba, a yi maka wata a zuwan nan guda.