Amsa: Kunamar tsohuwar bindiga mai hama ta yi tauri

Malam, ka ce kunamar bindigar kakanka mai baki biyu ta yi tauri, kana son goge haƙorin da ke riƙe hamar, wato ƙarfen da ke dukan harsashi. Don Allah kada magagari ya taɓa wurin. Sau da yawa ƙarfin ƙarfen a fatar sama kawai yake. Da ka goge sai ka isa ƙarfe mai laushi, ya cinye, wata rana hama ta faɗi da kanta.

Yawanci abin da ke sa kunama tauri tsohon mai ne da ya daskare da ƙurar hunturu. Tabbatar babu harsashi, kwance farantin gefe, wanda hamar ke jikinsa, da sukudireban da ya cika tsagin sukurun daidai, jiƙa shi a kananzir kwana ɗaya, goge da tsohon buroshin haƙori. Idan ya bushe, ɗigo biyu na man keken ɗinki sun isa. Kada ka matse babban sifirin da ke tura hamar da filaya, yana iya karyewa.

Ka kuma duba bakin. In yana da zane kamar murɗaɗɗiyar igiya, yawanci don baƙin albarushi aka ƙera shi, harsashin zamani na iya fasa shi. Abin da ya wuce wanki, kai wa mai gyaran da ke da izinin 'yan sanda.