Kafin ki zuba kuɗin adashi a ulu, fara auna kan jaririn

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada a Gusau ta aiko mini da tambaya. Tana saƙar kwarashi a gida, hulunan jarirai ta fi yi, kuma kwasar adashinta ta kusa, naira dubu 60. So take ta zuba kuɗin duka a ulu kafin hunturu ya shigo. Damuwarta ita ce ana dawo mata da kaya: wannan ta ce hula ta matse wa yaro kai, waccan ta ce ta rufe masa ido. Ga na kanti da na gwanjo sun fi nata araha. Ta saya ne ko ta dakata?

Malama, ki ɗan dakata, ko da na mako biyu ne. Idan kika sayi ulun dubu 60 alhali awo bai zauna ba, hulunan da za a dawo miki da su kawai kika ƙara wa yawa. Hula ɗaya da aka dawo da ita ta cinye zare, ta cinye yininki, sannan uwar da ta dawo da ita za ta ba da labari a gidan suna, inda masu sayenki na gobe suke zaune.

Daga yadda kika kwatanta, ina zaton da ido kike awo. Yawancin masu saƙa haka suke yi, a ce "ta jariri" kawai, kamar jarirai kansu ɗaya ne. Jaririn da aka haifa da cikakkun watanni, kewayen kansa yana tsakanin santimita 33 zuwa 36. Yana wata uku ya kai wajen 40, wata shida wajen 43, shekara ɗaya kuma wajen 46. Kin ga a wata ukun farko kan yake gudu. Hular ranar suna da wuya ta yi nisa bayan an gama wankan arba'in.

Nemi tef irin na tela. Ana awon ne daga goshi, saman gira, a bi ta saman kunne a zagayo ta ƙeya. Abin da kika samu, ki rage santimita biyu zuwa uku, domin saƙa tana buɗewa, kuma hular da ta yi daidai da kai cif tun tana sabuwa, bayan wanki biyu sai ta riƙa zamewa. Sai ki raba abin da ya rage da 3.14, shi ne faɗin faifan da za ki saƙa a tsakar kai kafin ki daina ƙari ki gangaro. Misali kai 35, a cire 2, saura 33, faifai zai zama santimita 10 da rabi. Na wata uku zuwa shida wajen 12 da rabi, na wata shida zuwa shekara wajen 14. Tsayi daga tsakar kai zuwa baki kuwa, 12 zuwa 13 ya ishi sabuwar haihuwa, ki riƙa ƙara kamar santimita biyu a kowane mataki.

Ba sai kin riƙa wannan lissafi kullum ba. Samo kwalin taliya, ki yanka faifai uku da almakashi, ki rubuta watanni a jikin kowanne, ki huda su ki ɗaure da zare a jakar saƙarki. Duk faifan da kika saƙa ki ɗora a kan kwalin. Kada ki dogara da ƙirgen zagaye kaɗai, don hannu yana canzawa: saƙar safe daban, ta bayan isha da gajiya daban, kuma da kin sauya zare ko kwarashi girman ya sauya. Bakwaini kuma ki bar shi sai an yi oda, a aiko miki da awon kansa.

Wannan kwali shi ne amsarki ga na kanti. Ba za ki iya karya farashi ki kamo abin da inji ya saƙa ba, kada ma ki gwada. Amma mai kanti ba zai tambayi uwa watannin ɗanta ba, ke za ki tambaya. Ki maƙala 'yar takarda a kowace hula mai nuna watanni. Mai zuwa barka kuma ki ba ta shawara ta ɗauki ta wata uku zuwa shida, domin ta ranar suna maijego ta riga ta tanada.

Batun kuɗi yanzu. Ni da ni ce, kashi ɗaya cikin uku zan fara fitarwa. Ki sayi kala uku ko huɗu, ki saƙe ƙulli guda har ya ƙare, ki ƙirga hula nawa ya ba ki. Kuɗin ƙullin a raba da yawan hulunan, a ɗora leda da kuɗin Keke zuwa kasuwa, sannan ki sa wa lokacinki kuɗi. Nan ne mata da yawa suke cutar kansu, su ce ai a zaune nake yi. Zaman ma aiki ne, idonki da bayanki ke biya. In kin ga abin yana fita kuma ba a dawowa da shi, sai ki ƙara sari, ko ki haɗa kuɗi da wasu masu saƙa a yo muku daga Kano. Ragowar ki riƙe, saboda kasuwar ulu daga Nuwamba zuwa Fabrairu take. Da Maris ya kama kin san zafin Gusau, ba uwar da za ta ɗora wa maɗigar ɗanta ulu mai kauri. Lokacin sai zaren auduga mara nauyi, da saiti na hula da safa don kyautar suna. Mai son kala ta musamman ta ba da kafin alƙalami, ko da 'yar ɗakinku ce.

Abu ɗaya ba na sassauci a kansa: ban da duwatsun ado, ban da maɓalli, ban da doguwar igiya a wuya. Yaro yana iya cirewa ya kai baki, igiya kuma tana shaƙewa. Ki goga zaren a kumatunki kafin ki saya, in ya yi miki kaushi, jariri ya fi ki ji.

Masu saye kuwa, ki tuna ranakun rigakafi: mako 6, mako 10, mako 14, da wata 9. Kusan duk lokacin da uwa ta fito da yaro, ya sauya hula ko yana dab da sauyawa. Ki yi magana da masu shagon kayan jarirai na kusa da asibiti da ungozomar unguwarku, ki bar musu samfuri uku, ki riƙa ɗora hoto a WhatsApp da tef a gefen hular.

Waɗanda aka dawo miki da su kuma kada ki warware. Ki auna bakin kowace, ki maƙala mata watannin da suka dace da ita, ki fara sayar da su kafin kwasar adashin ta zo.