Da wane ma'auni ake auna shaharar 'yan wasa a intanet?

Tambaya: Na sha ganin jerin 'yan wasan da aka ce sun fi shahara a duniya, kuma kusan kullum Cristiano Ronaldo ne a sama. Yaya ake haɗa wannan jeri, kuma za a iya dogara da shi?

Amsa: Galibi abu uku ake dubawa: yawan neman sunan ɗan wasa a Google, adadin mabiyansa a shafukan sada zumunta, da kuɗin tallan da kamfanoni ke biyansa. Irin waɗannan ma'aunai ne tashar wasanni ta ESPN da ke Amurka ta haɗa a jerin 'yan wasa ɗari da ta fara fitarwa a 2016, inda Ronaldo ya zo na ɗaya. A wajensa babu gardama, domin a watan Satumban 2024 mabiyansa a dukkan shafukan suka haura biliyan ɗaya.

Ma'aunin neman suna a Google ne yake bukatar a yi hattara da shi. Alkaluman Google Trends (shafin da ke nuna yadda ake neman abu a Google), waɗanda ke tashi daga 0 zuwa 100, ba adadin mutane ba ne, kwatanci ne da lokacin da aka fi neman sunan, kuma ba sa bambanta mai nema don ƙauna da mai nema don firgici ko fushi. A 2023, ɗan wasan da neman sunansa ya fi bunƙasa a Google shi ne Damar Hamlin na ƙwallon Amurka, bayan zuciyarsa ta tsaya a tsakiyar fili a watan Janairu. Jama'a sun neme shi ne don su san ko yana raye, kuma a ganina rashin adalci ne a kira wannan shahara.

Akwai kuma batun su wane ne ake ƙirgawa. An toshe Google da Instagram a China, inda ake amfani da Baidu wajen bincike da Weibo wajen sada zumunta, saboda haka gwarzon ƙwallon tebur da miliyoyin mutane ke bibiya a can ba zai bayyana yadda ya kamata ba. Shi kuwa Virat Kohli, ɗan wasan kurket, yawan al'ummar Indiya ya taimaka wajen kai mabiyansa sama da miliyan 250 a Instagram, duk da cewa ƙasashe da dama ba su san wasan ba. Ga kuma asusun bogi da ke kumbura adadin mabiya.

Idan ka ga jeri, duba tsawon lokacin da aka auna da ƙasashen da aka haɗa. Wanda ya ɗauki shekara biyar, ƙasa bayan ƙasa, ya fi na mako guda inganci nesa ba kusa ba.